Jinjina ga Gwarzon Hunturu na Ƙofar Marusa

Katsina gari ne da ya san darajar mazajensa. Ƙofofin birnin ma da dama da sarautun manya ake kiransu: Ƙaura, Durɓi, 'Yanɗaka, Marusa. Sai dai akwai wani gwarzo na wannan zamani da har yau ba a biya shi haƙƙinsa na yabo ba. Shi ne bawan Allahn nan na Ƙofar Marusa da ya mallaki ƙatuwar Hilux mai shan gas, fara sol, mai baƙin gilashi, yake kuma hawanta kowace safiya zuwa ofis, tafiyar da ba ta wuce kilomita uku ko huɗu ba. Ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa a kowace unguwa ta masu hali. Amma tunda hunturu ya kama, lokacin da bajintarsa ta fi fitowa fili, ya dace a tsaya a jinjina masa, domin yabon gwani ya zama dole.

Aikinsa na alheri yana farawa ne tun duku-duku. Ana idar da sallar Asuba yaron gida zai karɓi makulli ya tayar da inji. Daga nan sai a bar ta tana ruri a ƙofar gida, rabin awa ko fiye, ana taka mata totur jefi-jefi don kada unguwa ta manta da ita. Maigida yana ciki yana kurɓar shayi. Wannan shi ake kira ɗumama inji, kuma albarkarsa ta game kowa. Dattijon da ya kwana yana tari bai samu barci ba sai gab da asuba, an taimake shi ya farka don kada ya saba da lalaci. Mai jegon da ta sha fama kafin jariri ya yi shiru, an ba ta damar ta sake gwada haƙurinta. Duk wannan hidima kyauta ake yi, ba a taɓa neman ko sisi daga maƙwabta ba.

Kafin a fahimci girman mutumin, sai an san asalin abin hawansa. Injin gas ƙirƙirar wani injiniya ne Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya yi aiki sosai a 1897. An yi shi ne don aiki mai nauyi da doguwar tafiya, shi ya sa har gobe shi ke jan jiragen ruwa da na ƙasa da tireloli da taraktoci. Ita kuwa Hilux, kamfanin Toyota ya fara fito da ita a 1968, ta kuma yi suna a inda hanya ta ƙare. A watan Janairun 1987, sojojin Chadi a kan irin waɗannan motoci na Toyota suka tarwatsa tankokin yaƙin Libiya a garin Fada, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. A 2007 wasu masu shirin talabijin na BBC suka tuƙa Hilux da aka yi wa gyara na musamman a kan daskararren teku a can ƙuryar arewacin Kanada. Hilux ce kuma ke tashi daga Agadas ɗauke da mutum ashirin ko fiye, da jarkokin ruwa, ta keta rairayin Sahara zuwa Dirku har iyakar Libiya.

Duk waɗannan share fage ne. Babban fagen dagar da aka tanadar wa wannan mota shi ne daga Ƙofar Marusa zuwa bakin ofis, a kan kwalta, da jakar takardu ɗaya a kujerar baya. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14. Wato ko gwarzonmu zai zagaye tsohon birni kaf, ƙofa bayan ƙofa, bai yi abin da motar za ta san ta fito ba. Amma namiji ba ya raina abokin gaba. Wa ya san abin da zai tarar a shataletale? Gara ya fito da tan biyu na ƙarfe, tsawon fiye da mita biyar, da giyar da ke jan ƙafa huɗu, ko da kwatar unguwa za ta yi masa tawaye. Masu ƙaramin tunani za su ce wannan hura wutar tukunyar biki ne don dafa ƙwai ɗaya. Ba su san cewa ba don ƙwan ake hura wutar ba, don a hango hayaƙin daga nesa ne.

A duba kuma hangen nesansa game da sanyi. Gaskiya ne man gas yana da rauni a wurin sanyi, domin akwai wani kaki narkakke a cikinsa wanda ke fara daskarewa idan sanyi ya kusa digiri sifili ko ya gangara ƙasa, ya toshe matatar mai, mota ta ƙi tashi. Shi ya sa a birnin Winifeg na Kanada, inda sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, ake sa wa wuraren ajiye motoci soket na lantarki, direba ya jona waya ta kwana tana ɗumama masa inji. A Yakutsk ta ƙasar Rasha, inda digiri 40 ƙasa da sifili ba labari ba ne a watan Janairu, akwai masu barin mota a kunne wuni guda don tsoron in ta mutu ba za ta sake tashi ba. Gidajen mai a waɗannan ƙasashe suna sauya irin gas ɗin da suke sayarwa idan sanyi ya shigo. Mu a Katsina, a tsakiyar muku-mukun Janairu, ma'aunin zafi da asuba yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15, wani lokaci ya ɗan sauko ƙasa da haka. Dusar ƙanƙara ba ta taɓa rufe hasumiyar Gobarau ba. Amma mutuminmu ya shirya mata. Duk ranar da ta sauka a Ƙofar Marusa, za ta tarar da mutum ɗaya da ya shekara ashirin yana atisaye.

Akwai masu hassada da ke kawo hujjojin kanikanci don rage masa daraja. Suna cewa injin gas ba ya amfani da tartsatsin fulogi irin na fetur. Iska yake matsewa a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Suna cewa abin da yake bukata da safe shi ne hita, wadda ke gama aikinta cikin 'yan daƙiƙu kafin fitilarta ta mutu a gaban direba. Suna ƙarawa da cewa injin gas ba ya ɓarnar zafi da yawa, saboda haka idan yana aiki a tsaye ba kaya ba tafiya, da ƙyar yake ɗumi, kuma hanyar da ta fi saurin kai shi zafinsa na aiki, wajen digiri 80 zuwa 90, ita ce a tayar, a jira baƙin mai ya zagaya, a ja a hankali. Wannan duk gaskiya ne, kamfanonin da ke ƙera motocin ma haka suke faɗa. To amma me kamfani ya sani game da martaba? Idan mota ta tashi ta tafi cikin minti guda, wa zai san ta kwana a unguwar?

Kyautarsa mafi girma ita ce hayaƙi, kuma ya iya zaɓar lokacin rabonta. Da asubar hunturu iskar da ke daf da ƙasa ta fi ta sama sanyi da nauyi, saboda haka ba ta tashi. Duk abin da aka zuba mata a nan yake kwanciya, a tsayin hancin yaro, har sai rana ta ɗaga. Inji mai sanyi kuwa bai ƙona mai da kyau, shi ne lokacin da ya fi fitar da ɗanyen hayaƙi da kunkunniya. Wannan ya haɗu da ƙurar da iskar hunturu ta kwaso tun daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, sai rabo ya cika. Mai ƙosai da ta kafa kasko a bakin hanya ta samu nata kaso, ita da goyonta. Mai shayi ya samu. Almajiran da suka taru suna jin ɗumin wutar kara sun samu. 'Yan makarantar da ke wucewa leɓe a fashe, hannu a hammata, sun samu. Mai ciwon asma da ya kwana a zaune ya samu ninki biyu, tunda ya fi kowa jan numfashi da ƙarfi. Shi kaɗai mai kyautar ne ba ya ɗanɗanawa, domin idan ya fito gilashi a rufe yake, kuma salansa baya take kallo. Samun mai kyauta irin wannan, wanda ba ya taɓa ko ƙwaya daga abin da yake rabawa, sai an tona.

Kada a ɗauka kyautar ƙarama ce. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya hayaƙin injin gas a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta huhu, rukuni ɗaya da hayaƙin taba. Ƙwayoyin kunkunniyarsa ƙanana ne ƙwarai, gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa har ƙuryar huhu. A 2016 kuma wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa gas mai datti musamman don Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10. A Disambar wannan shekara Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50, amma aka yi shekaru ana jan ƙafa. Ke nan yaran Ƙofar Marusa sun daɗe suna shaƙar abin da aka haramta wa yaran Jamus. Wannan gata ne da ba kowane yaro ke samu a duniya ba, kuma ta hannun gwarzonmu ake kawo masu shi har ƙofar gida.

Turawa, da yake ba su san girman manya ba, sun bi wata hanya dabam. A Landan, tun watan Afrilun 2019, mai tsohuwar motar gas da ke son shiga tsakiyar gari sai ya biya fam 12.50 kowace rana. A birnin New York doka ta hana barin inji yana aiki a tsaye fiye da minti uku, a kusa da makaranta kuwa minti ɗaya. Dubi wannan rashin kunya, a ce hukuma ta fifita huhun ɗan talaka a kan jin daɗin mai mota! Mu alhamdu lillahi mun tsira daga wannan. A nan idan hayaƙi ya turnuƙe mai ƙosai, ita ce za ta ja kaskonta gefe ta ce, "Sannu da fitowa, Alhaji."

Kanikawa ma suna sa masa albarka, kuma suna da dalili. Babu abin da ke kashe injin gas da wuri irin gajeren zango. Kafin ya yi zafi an iso ofis an kashe shi. Da yamma haka, gobe haka. Gas ɗin da bai ƙone ba yana zurarewa ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, raɓa tana taruwa a ciki ba ta samu zafin da zai kore ta ba, kunkunniya tana daskarewa a nozul da hanyoyin iska, batir yana ba da wuta a kowane tashi ba a yi tafiyar da za ta mayar masa ba. Idan motar irin ta Turai ce mai matatar kunkunniya a salansa, matatar tana bukatar doguwar tafiya da gudu domin zafi ya kai wajen digiri 600 ya ƙone abin da ta tara. Daga Ƙofar Marusa zuwa ofis ba za ta taɓa samun haka ba. Sai ta toshe, fitila ta kama, a kai gareji. A can ne ake yanke shawara mai cike da hikima: a cire matatar gaba ɗaya a jefar. Mota ta huta, maigida ya huta, abin da matatar ke tarewa kuma a bar wa unguwa ta tace da ƙirjinta. Hilux da yawa da ke yawo a Najeriya masu shan fetur ne, da ya so da ya sayi irinsu ya rage wa kansa wannan wahala. Amma wa zai riƙa ciyar da masu gyaran nozul?

Ta fuskar tattali kuwa, malami ne. Tankin Hilux yana cin lita 80. Gas ba ya cikin tallafi tun kafin a cire na fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma a farkon 2024 litarsa ta haura naira 1,500 a wurare da yawa, kafin matatar Dangote ta sauko da farashinta zuwa naira 1,000 a watan Afrilu. Ko a wannan farashi na rangwame, cika tanki sau ɗaya naira 80,000 ne. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato abin da masinjan ofishinsa zai ci da iyalinsa wata guda bai cika cikin motar ba. Wani sashe na wannan mai kuwa a tsaye ake ƙona shi, mota ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Idan daga aljihunsa ne, to ya nuna mana cewa dukiya ba ta rufe masa ido ba, tunda yana iya mayar da ita hayaƙi ba tare da ya waiwaya ba. Idan kuwa motar ta ma'aikata ce, irin waɗanda ake saye da sunan aikin gona ko rigakafi ko duba makarantun karkara, to ya cancanci yabo biyu. Ya kare dukiyar jama'a daga laka da ƙaya da ramukan hanyar ƙauye, ya ajiye ta a inuwa a birni, inda ba abin da zai same ta sai kai yara makaranta da kai Hajiya gidan biki.

A leƙa bayan motar a ga tsabta. An ƙera bodin ne ya ɗauki kusan tan guda, buhu goma na masara ke nan, amma ko ƙwarzane babu a fentinsa. Bai taɓa sanin buhun taki ba, bai taɓa jin warin akuya ba. A gwada shi da tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, waɗanda wasunsu har yau suke nishi a hanyoyin kasuwannin Caranci da Mashi da Mai'aduwa, an ɗaure ƙofa da igiya, mutane a kan buhuna, buhuna a kan mutane. Waɗannan ba su san ciwon kansu ba, sun ƙare rayuwarsu a bauta. Manomin rani a bakin dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya ko Zobe yana kallon tumatirinsa yana laushi a kwando saboda babu motar da za ta shiga gonar ta fito da shi. A ƙauyukan da ke bayan kwalta, mace mai naƙuda a kan babur ake ɗora ta, wani ya riƙe ta ta baya, a bi turba da ita cikin dare zuwa asibiti. Motar da aka yi domin irin wannan hanya da irin wannan dare tana nan a Ƙofar Marusa ana goge mata taya da tsumma. Madalla da wannan adana.

A kan titi ma yana koyar da tarbiyya. Lungunan tsohon gari an yi su ne tun zamanin jaki da doki, idan ya shigo sai kowa ya manne da bango ya tuna matsayinsa. Ɗan acaɓa ya gangara kwata, mai Keke Napep ya ja da baya, mai kurar ruwa ya tsaya da nauyin jarkokinsa a hannu har a wuce. Gaban motar ya yi tsayin da ɗan shekara biyar zai tsaya daf da ita direba bai gan shi ba, ga hazo ya rage gani, ga baƙin gilashi. Wannan ya sa iyayen unguwa suka ƙara kula da 'ya'yansu, abin da wa'azi ya daɗe bai cim ma ba.

Ranka shi daɗe, iyakar yabon da zan iya ke nan, saura magana tsakani da Allah. Motarka ba ta da laifi, aikin da aka yi ta dominsa ne ka hana ta. Sanyin Katsina bai kai wanda zai sa a bar inji yana ruri rabin awa ba. Ka tayar, ka ba shi minti guda, ka ja a hankali, injin ma ya fi son haka. Kada a juya salansa wajen ƙofar maƙwabci ko wajen masu sana'a a bakin hanya. Kada a cire matatar hayaƙi don an gaji da gyara. Idan tafiyarka ta kullum daga gida zuwa ofis ce, ƙaramar mota ta ishe ka, ta fi sauƙin mai, ta fi sauƙin gyara, kuma za ka ga yaron da ke gabanka. Babbar a bar ta sai ranar zuwa gona ko doguwar tafiya. Idan kuwa ta ma'aikata ce, amana ce a wuyanka, ka mayar da ita inda aka rubuta a takarda cewa za ta yi aiki, kuma shugabannin ma'aikatu su riƙa tambayar inda kowace mota ta je da man da ta sha.

Masu unguwa da limamai su ma suna da abin faɗa, domin haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga katanga da magudanar ruwa ba, ya haɗa da iskar da ake shaƙa da barcin da ake yi. Mutanen da kake turnuƙewa kowace safiya ba za su taɓa tare ka su faɗa maka ba, saboda suna jin nauyinka, wasu kuma suna tsammanin alheri daga gare ka. Shirunsu ba yafiya ba ne. Kuɗin maganin tari da na asma daga aljihunsu yake fita, kuma ranar da za a tambaye ka game da maƙwabcinka, girman mota ba zai zama amsa ba.